Yadda Za Ka Bi Diddigin Kuɗi da Kwangilolin Filin Jirgin Sama na Katsina

Duk wanda ya sayi tikitin jirgi daga Katsina zuwa Abuja, ko ya biya kuɗin shiga da mota ranar da ya raka maniyyaci filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua, ya zuba kuɗinsa a asusun hukuma. Dokar 'Yancin Samun Bayanai kuwa ta ba shi damar ganin takardun da ke nuna inda kuɗin suka tafi, ba tare da ya zama ɗan jarida ko lauya ba. Abubuwa uku ne suka fi kayar da masu nema: a kai tambaya ofishin da ba shi ke da abin ba, a nemi bayanin baki maimakon takarda, ko a yi sake wa'adin kotu ya wuce.

Da farko, gano mai abin

Filin jirgi ba hukuma ɗaya ba ne, gida ne mai masu ɗaki da yawa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sa harkar sufurin sama, har da filayen jirgi, cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, shi ya sa yawancin ƙofofin da za ka ƙwanƙwasa na tarayya ne.

FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta tarayya, ita ce ke da ginin matafiya, titin saukar jirgi da fitilunsa, katanga, motocin kwana-kwana, shaguna, wurin ajiye motoci da jami'an binciken kaya. NAMA ce ke da hasumiya da na'urorin da ke jagorantar matuƙi ya sauko idan hazo ya rufe gari. NiMet ke auna yanayi, ita ke faɗin nisan da ido ke iya gani. NCAA ba ta gina komai; mai sa ido ce, ita ke duba ko filin ya cika ƙa'ida, ita kuma ke karɓar koken fasinja a kan kamfanin jirgi. NSIB ke binciken haɗari. A saman su duka akwai Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama, wadda manyan ayyukan gini kan fito a kasafinta. Jigilar alhazai kuma ta hukumar alhazai ta ƙasa (NAHCON) ce da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta jiha.

Ga amfanin wannan rabe-raben. A ce cikin hunturu jirgi ya kasa sauka saboda buji. Idan na'urar saukar da jirgi ce ba ta aiki, NAMA za a tambaya. Idan fitilun titi ne suka mutu, FAAN ce. Idan kamfanin ya bar fasinjoji zaune babu bayani babu mayar da kuɗi, wannan na NCAA ne. Wanda ya tara ukun nan a wasiƙa ɗaya ya miƙa wa manajan fili, amsa ɗaya zai samu: ba huruminmu ba ne.

Idan kuwa gwamnatin jiha ce ta sa kuɗinta a wani aiki, kamar hanyar shiga ko sansanin alhazai, takardun suna ma'aikatar jihar da ta ba da aikin da kuma hukumar kula da kwangiloli ta jiha. An daɗe ana gardama ko Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta hau kan jihohi. A 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardamar a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, ta ce ta hau.

Duba abin da ke fili kafin ka ɗauki alƙalami

Shiga shafin Ofishin Kasafin Kuɗi na Tarayya, sauke kasafin shekarar da kake so, buɗe ɓangaren ma'aikatar sufurin sama, ka sa kwamfuta ta nemo kalmar Katsina. Kowane aiki yana da lamba, da adadin kuɗi, da alamar ko sabo ne ko wanda ake ci gaba da shi. Kwafe lambar. Ka yi haka har na shekara uku a jere, don aikin da ke dawowa kowace shekara da sunan "ana ci gaba" shi ne ya fi cancantar tambaya.

Sai dai a lura, ba duk kuɗin FAAN ke cikin wannan kundi ba. Hukumar tana kashe wani ɓangare daga kuɗin da ta tara da kanta, kuma wannan kasafin yana bi ta kwamitocin sufurin sama na Majalisar Tarayya ne. Rashin ganin aiki a babban kasafi bai nuna an yi shi ba bisa ƙa'ida ba.

Daga nan sai shafin baitulmali da aka buɗe a Disamba 2019, inda ƙa'ida ta ce hukumomi su wallafa duk biyan da ya haura naira miliyan 5, da shafin kwangiloli mai suna NOCOPO na BPP, hukumar sa ido kan kwangilolin gwamnatin tarayya. Za ka tarar da giɓi a cikinsu. Ka rubuta giɓin da kwanan watan da ka duba, shi ma hujja ne.

Rubuta wasiƙar

Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 28 ga Mayu 2011, ta faɗa a sashe na 1 cewa mai nema ba sai ya nuna dalilinsa ba. Don haka kada ka cika wasiƙa da tarihin ƙungiyarku ko zargi. Zargi a wasiƙar farko yana sa a miƙa ta ga lauyan hukuma, daga nan kuma ƙofa ta rufe.

Sirrin duka shi ne ka nemi takarda da sunanta. Dokar ta tilasta a ba ka abin da ke cikin fayil, ba ta tilasta kowa ya zauna ya yi maka sharhi ba. "Me ya sa ba a gama katanga ba?" tambaya ce da za a iya amsawa da layi biyu marasa amfani. Ga yadda ya kamata ta kasance:

"Ranka ya daɗe, bisa sashe na 1 da na 4 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, ina neman kwafin waɗannan takardu game da aikin katangar filin jirgin sama na Katsina mai lamba kaza a kasafin shekara kaza: tallar kwangilar da aka buga a jarida, rajistar ranar buɗe tayin 'yan kwangila, rahoton kwamitin tantancewa, wasiƙar ba da kwangila, jadawalin kayan aiki da farashinsu, takardun shaidar matakin da aiki ya kai, da baucocin duk kuɗin da aka biya zuwa yau. A shirye nake in biya kuɗin kwafi."

Aiki ɗaya, shekara ɗaya, takardu bakwai. Wanda ya nemi "dukkan kwangilolin fili daga 2015" ya miƙa wa ofis uzurin ƙarin lokaci da hannunsa. Gara wasiƙu uku ƙanana da ɗaya mai kama da buhu.

Da yake fayilolin hukumomin nan da Turanci ake ajiye su, ya fi sauƙi a rubuta da Turanci, amma rashin iya shi ba ya hana kowa. Sashe na 3 ya ce wanda bai iya karatu da rubutu ba, ko mai naƙasa, yana iya nema ta hannun wani, kuma idan mutum ya nema da baki, wajibi ne jami'i ya rubuta ya ba shi kwafi.

Sa wa wasiƙar adireshin shugaban hukumar, ta hannun jami'in kula da neman bayanai. Hedikwatar FAAN ta koma Legas tun farkon 2024, kuma can manyan fayilolin kwangila suke, don haka aika asali can ta kamfanin kai saƙo mai ba da rasit, ka kai kwafi ofishin manajan fili a Katsina. Ka tafi da kwafi biyu. Ɗaya za ka bari, ɗaya kuma a buga maka hatimin karɓa mai kwanan wata da sa hannu. Idan ma'aikacin rajista ya ce "bari kawai, za mu kira ka", ka tsaya cikin ladabi har a buga. Wasiƙar da babu hatimi a kanta kuma babu rasit ɗin aika ta, a gaban alƙali tamkar ba a kai ta ba ce.

Lissafin kwanaki

Hukuma tana da kwana 7 daga karɓa ta ba da takardun ko ta rubuto dalilin hanawa. Idan ta ga wata hukumar ce ke da su, sashe na 5 ya ce ta tura wasiƙar can cikin kwana 3, kada ya wuce 7, ta kuma sanar da kai. Tana iya ƙara wasu kwana 7, ba fiye ba, idan takardun na da yawa ko ana bukatar tuntuɓa, shi ma a rubuce. Shiru bayan wa'adi, sashe na 7 ya ɗauke shi a matsayin hanawa.

Daga ranar hanawar kana da kwana 30 ka shigar da ƙara. A ce an buga hatimi ranar 3 ga Maris kuma ba a nemi ƙarin lokaci ba: wa'adinsu ya cika 10 ga Maris, naka kuma 9 ga Afrilu. Nan ne mutane ke faɗawa rami. Jami'i zai yi waya ya ce ana nan ana haɗawa, mai nema ya ji kunyar matsawa, kwana 30 su shige. Kotu na iya ƙara lokaci, amma alfarma ce ba haƙƙi ba. Aika tunatarwa ɗaya a rana ta 8, ka ga lauya kafin rana ta 20. Hukumar tarayya ana kai ta Babbar Kotun Tarayya, kuma akwai reshenta a Katsina. A can, sashe na 24 ya ɗora wa hukumar nauyin nuna cewa hanawar tana bisa doka. Hanawa ba bisa ƙa'ida ba laifi ne mai tarar naira 500,000, lalata takarda ko sauya ta da gangan kuwa ɗaurin da bai gaza shekara 1 ba.

Kuɗin da za a caje ka na kwafi ne kawai. Babu kuɗin fom, babu kuɗin bincike.

"Harkar tsaro ce"

Wannan ce amsar da aka fi bayarwa a filin jirgi, kuma wani lokaci gaskiya ce. A jihar da ke fama da matsalar tsaro, filin da jiragen soja ma ke amfani da shi, babu mai hankalin da zai nemi taswirar inda kyamarori suke ko jadawalin sintiri. Kada ka nema, kada kuma ka ɗaga waya ka ɗauki hoto a wurin da aka hana.

Amma farashin siminti ba sirrin tsaro ba ne. Sashe na 18 na dokar bayanai ya ce idan wani ɓangaren takarda ne kawai ke da kariya, a rufe shi a ba da sauran. Sashe na 28 ya ce buga wa fayil tambarin "sirri" bai isa dalilin hanawa ba. Dole wasiƙar hanawa ta faɗi sashen da ta dogara da shi. Sai ka mayar da amsa: a shafe zanen katangar, a ba ni adadin kuɗi, sunan kamfani da ranakun biya. Uzurin sirrin kasuwanci kuma yana da ƙarfi ne lokacin da ake tsakiyar tantance tayi. Bayan an ba da kwangila, Dokar Sayayyar Gwamnati ta 2007 ta ce a sashe na 16 takardun da ba na sirri ba a buɗe suke ga jama'a, kuma wajibi ne a adana su shekara 10.

Idan takardun sun zo

Jera su bisa kwanan wata a kan tabarma ko tebur kafin ka karanta ko layi ɗaya. Tsarin da doka ta shata shi ne: kasafi, talla, buɗe tayi, tantancewa, amincewa, wasiƙar ba da aiki, biya. Duk takardar da ta tsallake 'yar'uwarta, misali wasiƙar ba da aiki da ta riga rahoton tantancewa, alama ce an rubuta rahoton ne daga baya don cike fayil.

Talla ta kamata ta fito a jaridun ƙasa aƙalla biyu. Buɗe tayi a bainar jama'a ake yi, a karanta sunan kowane kamfani da farashinsa da ƙarfi. Sashe na 19 na Dokar Sayayyar Gwamnati ya ce a gayyaci 'yan sa ido biyu, ɗaya daga ƙungiyar ƙwararru, ɗaya daga ƙungiyar farar hula. Duba rajista ka ga ko sun sa hannu. Ƙungiyoyin Katsina na iya rubutawa tun farkon shekara su nemi a riƙa gayyatarsu.

Kuɗin kafin alƙalami da can kashi 15 ne iyakarsa, Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30, kuma sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. A kwangilar naira miliyan 100, duk abin da ya haura miliyan 30 kafin a kafa tubali ɗaya abin tambaya ne. Bayan wannan, ba a sake biya sai da takardar shaidar aikin da aka yi. Lamunin kammala aiki kuma ba ya gaza kashi 10.

Sai dabarar datsa kwangila. Kowane mataki na amincewa yana da iyakar kuɗin da zai iya sa wa hannu, abin da ya haura kuma sai BPP ta ba da takardar rashin ƙin amincewa. Don a kauce wa wannan, akan yanka aiki ɗaya gida uku ko huɗu. Alamarsa: ayyuka masu kusan suna ɗaya, a mako ɗaya, kowanne ya tsaya dab da iyaka. Shiga shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka nemi kamfanonin. Tun bayan dokar kamfanoni ta 2020 wajibi ne a bayyana duk mai riƙe da kashi 5 ko fiye, kuma rajistar ainihin masu kamfani tana intanet tun 2023. Idan kamfanoni uku da suka "yi takara" adireshinsu ɗaya ko daraktansu ɗaya, ba takara aka yi ba. Datsa kwangila da haɗa baki laifuka ne a sashe na 58 na dokar sayayya: ɗaurin da bai gaza shekara 5 ba, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5 tare da tarar kashi 25 na kuɗin aikin.

Akwai kuma uzurin gaggawa, wanda filayen da ke jigilar alhazai suka fi fuskanta. Doka ta yarda a ba da aiki kai tsaye idan bukata ta taso ba zato, amma sashe na 42 ya sa sharaɗi: kada ya zama abin da ake iya hangowa, kada kuma jan ƙafar hukumar ne ya jawo shi. Watan Zulhajji kuwa ba ya zuwa ba zato. Idan ka ga an rubuta gaggawa, nemi takardar da ke bayyana dalilin da rahoton da aka aika wa BPP.

A ƙarshe ɗauki jadawalin kayan aiki ka gwada da abin da ido ke gani daga inda aka yarda jama'a su tsaya. Mita nawa aka rubuta, nawa aka gina? Janareta mai ƙarfin nawa aka biya, me ke rubuce a jikin wanda aka kafa? Tafi da injiniya ko mai ƙididdigar gini, don abin da ɗan kallo zai ɗauka ha'inci wani lokaci canjin zane ne da aka amince da shi a rubuce. Nemi wannan takardar canjin kafin ka buɗe baki.

Ɓangaren kuɗin shiga

Mutane sun fi zuba ido kan abin da aka kashe, alhali yoyon ya fi sauƙi ta inda kuɗi ke shigowa. A kan kowane tikiti akwai kashi 5 da NCAA ke karɓa, wanda dokar sufurin sama ta 2022 ta raba haka: NCAA 56, NAMA 22, NiMet 9, kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya 7, NSIB 6. FAAN kuma tana da kuɗin hidimar fasinja, wanda a 2020 aka ɗaga daga naira 1,000 zuwa 2,000 a tafiyar cikin gida, ga kuɗin saukar jirgi da ajiye shi, hayar shaguna, allunan talla da kuɗin ƙofa. Tun 2015 ƙa'ida ita ce kuɗin hukumomin tarayya su shiga asusun bai-ɗaya.

Abin nema a nan: adadin fasinjoji da jiragen da suka sauka wata-wata, jerin masu haya da abin da kowa ke biya, da kwafin yarjejeniyar duk kamfanin da aka ba karɓar kuɗi. Idan kamfani mai zaman kansa ne ke karɓa a madadin hukuma, sashe na 2 na dokar bayanai ya haɗa da shi. Ninka adadin fasinjojin da suka tashi da kuɗin hidima ka gwada da abin da aka ce an tara. Ba zai yi daidai cif ba, amma tazara mai faɗi tana bukatar bayani. Jinginar da fili ko wani sashensa na dogon lokaci kuwa sai ya bi ta ICRC, hukumar kula da jinginar da kadarorin gwamnati, bisa dokarta ta 2005.

FAAN, NAMA da NCAA duk suna cikin jerin hukumomin da Dokar Kula da Kashe Kuɗin Gwamnati ta 2007 ta wajabta wa wallafa asusunsu da aka bincika cikin wata 3 bayan ƙarshen shekara. Sashe na 51 na wannan doka ya ba kowane ɗan ƙasa damar zuwa Babbar Kotun Tarayya ya tilasta a bi ta. Ka kuma sani, Odita-Janar na Tarayya ba ya binciken irin waɗannan hukumomi kai tsaye. Sashe na 85 na tsarin mulki ya ba shi ikon ba da jerin masu bincike, yin sharhi kan rahotonsu, da duba lokaci-lokaci. Saboda haka rahoton mai binciken waje da wasiƙar da ya rubuta wa shugabannin hukumar su ne abin nema.

Manoman da faɗaɗa fili ya ci gonakinsu, takardunsu suna jiha. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, da diyyar amfanin gona, itatuwa da gine-gine. A nemi sanarwar karɓar filin, rahoton ƙiyasi da jadawalin waɗanda aka biya, a gwada da sunayen da magaji da mai unguwa suka sani.

Inda za a kai abin da aka gano

Ɗan kwangilar da ke ganin an zalunce shi yana da kwanakin aiki 15 ya kai koke ga shugaban hukumar, shi ma yana da 15 ya yanke hukunci. Daga nan kwanakin aiki 10 zuwa BPP, wadda ke da 21, sannan kwana 30 zuwa Babbar Kotun Tarayya. Tsallake mataki ɗaya na iya kashe ƙarar.

Ga sauran jama'a, zargin cin hanci na ICPC ne ko EFCC. Rashin adalcin ofis na Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ne, amma ba ta karɓar abin da ya wuce wata 12 ko wanda ke gaban kotu. Sanata ko ɗan majalisar wakilai na iya gabatar da koke a zaure, kuma sashe na 88 da 89 na tsarin mulki sun ba kwamiti ikon kiran jami'i da fayil ɗinsa. Kuɗin jiha kuwa sai Majalisar Dokokin Katsina da Odita-Janar na jiha. Ma'aikacin da ya fitar da bayani da kyakkyawar niyya yana da kariya a sashe na 27 na dokar bayanai, sai dai shirin tukwicin masu fallasa na Disamba 2016, mai ba da kashi 2.5 zuwa 5 na abin da aka ƙwato, manufa ce ta Ma'aikatar Kuɗi, ba ta kai ƙarfin doka ba. Ma'aikaci ya ga lauya kafin ya motsa.

Takardar koke kada ta wuce shafi biyu: abin da doka ta ce, abin da takarda ta nuna, da lambar shafin da ke nuna shi. Rubuta "baucan ranar kaza ya nuna an biya kashi 60, takardar shaidar aiki ta nuna kashi 25", kada ka rubuta "sun sace". Haka ma a Facebook ko gidan rediyo, domin kalma ɗaya da ta wuce abin da takarda ta faɗa tana iya mayar da kai wanda ake ƙara. Haɗa kwafi kawai, ka sa wa kowane shafi lamba, asalin mai hatimi kuma ya zauna a gida, da hotonsa a wayar mutum biyu.